DARASI NA GOMA SHA HUƊU: Bambancin Gado a Tsakanin Namun Daji da Hanyoyin Kare Su

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana ma'anar ƙwayoyin gado da bambancin gado;
2. faɗin abin da kan sami namun daji idan yawansu ya ragu ko aka raba garkensu;
3. kawo misalai daga Najeriya da Nijar;
4. yin amfani da sababbin kalmomi a cikin jimloli.

Gabatarwa

Ɗalibai, Hausawa kan ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ma'anar wannan karin magana ita ce, ɗa kan gaji iyayensa a kama da hali. Duk da haka, idan kun duba da kyau za ku ga cewa 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya ma ba su zama iri ɗaya sak. Wani dogo ne, wani gajere. Wani yana da juriya, wani kuwa ciwo kaɗan sai ya kwantar da shi. Haka abin yake ga dabbobi. A wannan darasi za mu yi nazarin wannan bambanci a tsakanin dabbobin daji masu shayarwa, wato waɗanda ke haihuwar 'ya'yansu su ba su nono, kamar giwa da zaki da raƙumin dawa. Za mu kuma ga abin da ya haɗa birnin Legas da makomar waɗannan dabbobi.

Mene ne Gado?

An gina jikin kowace dabba da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wani sinadari mai kama da dogon zare, wanda masana ke kira DNA. Ku ɗauke shi tamkar littafin da aka rubuta dukkan umarnin ginin jiki a cikinsa. Kowane sashe na wannan littafi da ke kula da wani aiki, kamar launin gashi ko yaƙi da cuta, shi ake kira ƙwayar gado. Dabba kan sami ƙwayoyin gadonta bibbiyu: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Kun san misalin wannan a jikin ɗan Adam. Idan an yi gwajin jini a asibiti, akan ce wane AA ne, ko AS, ko SS. Mai AS ya gaji ƙwayar sikila daga ɓangare ɗaya kawai, saboda haka lafiyayyar ƙwayar da ya samu daga ɗaya ɓangaren tana kare shi. Mai SS kuwa ya gaje ta daga uwa da uba, shi ya sa cutar ke bayyana a jikinsa. Wani abin lura shi ne, mai AS ya fi mai AA jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ashe ƙwayar da ke cutarwa a wani hali tana iya yin amfani a wani halin.

To, idan aka tara dukkan ire-iren ƙwayoyin gadon da ke jikin dabbobin garke guda, yawan ire-iren nan shi ake kira bambancin gado.

Amfanin Bambancin Gado

Duk wanda ya taɓa zuwa karar shanu ta Oko-Oba a Agege ya ga bambancin gado da idonsa. Ga bunaji, fararen shanu masu tozo. Ga rahaji, jajaye masu dogayen ƙahoni. Ga gudali na ƙasar Sakkwato, masu gajerun ƙahoni da jiki mai nama. Dukkansu shanu ne, amma kowane iri da baiwarsa. Rahaji sun shahara da jure doguwar tafiya. A kurmin kudancin Najeriya kuma akwai wasu gajerun shanu marasa tozo da ake kira muturu. Ba su da girma, amma suna jure wa sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda kan karya shanun arewa.

Ku yi tunanin a ce duk shanun ƙasar nan iri ɗaya ne. Ranar da annobar da ta fi ƙarfin wannan iri ta zo, ba wadda za ta tsira. Amma idan akwai bambanci, wasu za su mutu, wasu su rayu, su haifi masu irin juriyarsu. Haka yake ga namun daji. Fari kan zo, sababbin cututtuka kan ɓulla, yanayi kan sauya. Garken da ke da yalwar bambancin gado shi ne ke da abin tunkarar gobe.

Yadda Garke ke Rarrabuwa

Dabbobi iri guda ba su zama wuri ɗaya. Kogi ko tsauni ko hamada kan raba su gida-gida. Idan suka daɗe a rabe, sai gadon kowane rukuni ya fara shan bamban da na sauran, kamar dai yadda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci, alhali duka Hausa ce. Wannan shi masana ke kira tsarin rarrabuwar garke.

A da, rukunonin nan ba su yanke zumunci gaba ɗaya ba. Idan ɗan zaki ya balaga, yakan bar garken da aka haife shi ya tafi neman wani. Haka ma toron giwa. Duk inda baƙon ya sauka ya haihu, ya kai wa mutanen gidan sabon jini. Amma a yau gonaki da garuruwa da manyan tituna sun toshe hanyoyin da dabbobin ke bi.

Ba sai kun fita Legas za ku ga misali ba. Gidauniyar Kare Halittu ta Najeriya ta kafa Cibiyar Kare Halittu ta Lekki a 1990, a fili mai faɗin hekta 78. Wanda ya ziyarci wurin zai ga birai suna tsalle a kan itatuwa. Amma idan ya fito ƙofa, sai ya tarar da babban titin Lekki zuwa Epe da gidaje ta ko'ina. Dajin ya zama tamkar tsibiri a tsakiyar birni. Da wuya birin cikinsa ya isa wani daji, da wuya kuma baƙon biri ya iso gare shi.

Haɗura Uku

Idan garke ya ƙanƙance kuma ya keɓe, haɗura uku kan taso masa.

Na farko shi ne barbara tsakanin dangi na kusa. Idan babu baƙo, dole wa ya haihu da ƙanwarsa, uba da 'yarsa. Da yake dangi sukan ɗauki gurɓatacciyar ƙwaya iri ɗaya, sai ɗan da aka haifa ya gaje ta daga ɓangarorin biyu, cuta ta bayyana. Makiyaya sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa sukan sauya bijimin garke lokaci-lokaci.

Na biyu shi ne ɓacewar gado ba tare da wani dalili ba sai rashin sa'a. Agege ta yi suna wajen cinikin goro, saboda haka bari mu yi misali da shi. A ce akwai huhun goro, rabinsa fari rabinsa ja, an gauraya su. Idan kuka rufe ido kuka ɗebi ɗari, babu shakka za ku sami fari da ja. Idan kuwa uku kawai kuka ɗauka, mai yiwuwa duka su zama ja. In waɗannan ukun ne kaɗai irin da ya rage, to farin goro ya tafi ke nan. Haka garken da ya ragu ƙwarai yake asarar wasu ƙwayoyin gado. Ko da yawansa ya dawo daga baya, abin da ya ɓace ba ya dawowa da sauri.

Na uku shi ne ƙarancin masu haihuwa. Ba kowace dabba a garke ce ke barin baya ba. Akwai tsofaffi, akwai ƙanana, akwai kuma mazan da wani ƙaƙƙarfa ya kora. Masana suna da hanyar lissafin wannan: a ninka yawan maza masu haihuwa da yawan mata, a ninka da 4, sannan a raba da jimillarsu. Idan garke yana da maza 25 da mata 25, amsar ita ce 50. Idan kuwa namiji 1 ne da mata 49, amsar ba ta kai 4 ba. Garkunan nan biyu yawansu ɗaya a ido, amma a wajen riƙon gado na biyun tamkar dabba huɗu ne kacal.

Raƙumin Dawa na Nijar

A da can, raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ya bazu tun daga Senegal har zuwa yankin tafkin Cadi, har da arewacin Najeriya. Farauta da saran itatuwa da farin shekarun 1970 da 1980 suka yi masa taron dangi. Zuwa 1996, guda 49 kacal suka rage, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, babban birnin Nijar.

An daɗe ana zaton cewa raƙuman dawa na Kamaru da Cadi, da waɗanda ke gidajen namun daji na Turai, irin na Nijar ne. Wani binciken gado da aka fitar a 2007 ya nuna ba haka ba ne: waɗancan wani reshe ne dabam, da ake kira na Kordofan. Wannan ya nuna cewa idan na Kure suka ƙare, babu wani wuri a duniya da za a je a samo irinsu.

Gwamnatin Nijar ta tsaurara hana farautarsu. Ƙungiyoyi kuma suka taimaka wa mutanen ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance, domin dabbobin nan a cikin gonaki suke yawo, har sukan ci wa manoma wake da mangwaro. Sannu a hankali yawansu ya haura 600. Amma da sauran rina a kaba. Dukkansu jikokin 'yan tsirarun nan ne, kuma suna wuri ɗaya, inda annoba guda za ta iya gamawa da su. Don haka a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki guda 8 a mota, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, domin a kafa garke na biyu.

Zaki, Giwa da Goggon Biri

Ana yi wa zaki kirari da sarkin dawa, amma a Afirka ta Yamma sarautarsa ta yi rauni. Wani bincike da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa kimanin zakoki 400 ne suka rage a yankin baki ɗaya. Mafi yawansu suna dajin da ya ratsa iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso. Sauran suna Senegal da kuma wurare biyu a Najeriya: gandun dajin tafkin Kainji da na Yankari a jihar Bauchi. Ɗaruruwan kilomitoci na gonaki da garuruwa ne a tsakanin Kainji da Yankari, saboda haka zakokin wuraren biyu ba su haɗuwa.

Wani zai ce, me zai hana a ɗauko zakoki daga Kenya ko Afirka ta Kudu a zuba a Yankari? Binciken gado ya nuna cewa zakin Afirka ta Yamma ya fi kusa da zakin dajin Gir na ƙasar Indiya a kan zakin gabashi da kudancin Afirka. Idan aka gauraya su ba tare da nazari ba, ana iya shafe wani gado na musamman da ya dace da ƙasarmu.

Giwa ma haka. An daɗe ana ɗaukar giwayen Afirka iri guda. A 2021 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta amince cewa iri biyu ne: giwar sarari da giwar kurmi, wadda ta fi ƙanƙanta kuma haurenta ya fi miƙewa. A Yankari akwai ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Najeriya. A dajin Omo na jihar Ogun, maƙwabciyar Legas, akwai ragowar giwayen kurmi.

Farauta kan sauya gadon garke ma. A lokacin yaƙin basasar Mozambik, daga 1977 zuwa 1992, an kashe kusan kashi 90 cikin 100 na giwayen gandun dajin Gorongosa saboda haure. Akwai wasu giwaye mata da ake haifa ba haure, su kuwa mafarauta ba su damu da su ba. Kafin yaƙin, irin waɗannan ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Bayan yaƙin, sun kai rabin matan da suka tsira, kuma da yawa daga 'ya'yansu mata sun gaje su.

A tsaunukan iyakar jihar Kuros Riba da Kamaru kuwa, akwai wani irin goggon biri wanda yawansa bai wuce 300 ba. Yana da wuyar gani, don haka masana suka tattara kashinsa suka bincika. Sakamakon ya nuna cewa, ko da yake rukunoninsa suna kan tsaunuka dabam-dabam, har yanzu ɗaiɗaiku sukan ƙetara daga wannan rukuni zuwa wancan. Wannan ya koya wa masu kula da daji cewa tsare tsaunukan kaɗai bai wadatar ba, sai an tsare dazuzzukan da ke tsakaninsu.

Legas da Fataucin Sassan Namun Daji

Mai yiwuwa wani daga cikinku ya ce, "Ni mazaunin Agege ne, ina ruwana da giwa?" Da ruwanka ƙwarai. A kasuwanni irin su Jankara, masu kayan maganin gargajiya sukan baje fatu da ƙasusuwa da sauran sassan dabbobin daji. Abin da ya fi wannan girma shi ne, masu fasa-ƙwauri sun mayar da tashoshin jiragen ruwa na Legas hanyar fitar da hauren giwa da ɓawon ɗankunya zuwa nahiyar Asiya. Jami'an kwastan sun sha kama irin waɗannan kaya.

Ɗankunya wata ƙaramar dabba ce mai shayarwa, wadda ɓawo ya rufe jikinta. Abincinta gara da tururuwa. Idan ta ji tsoro sai ta dunƙule ta ɓoye fuska, daga nan ta samo sunanta. Dunƙulewar tana kare ta daga damisa, amma ga mafarauci sauƙi ne: ɗauka kawai zai yi ya jefa a buhu. Ɗa guda takan haifa a lokaci ɗaya, saboda haka garkenta ba ya saurin farfaɗowa. Ana sayen ɓawonta don magani, alhali da abu ɗaya aka yi shi da farcen ɗan Adam. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, an kuma hana na ɗankunya a 2016. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Najeriya ta ƙona kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya da aka kama, a watan Janairu na 2024 kuma ta niƙe kimanin tan 2.5 na haure a Abuja.

A nan ne sanin tsarin rarrabuwar garke ya zama makami. Tun da gadon kowane yanki ya ɗan bambanta da na wani, masana sun zana taswirar gadon giwaye da na ɗankunya. Idan aka kama kaya, sai a gwada shi da taswirar, a gano dajin da aka kashe dabbar, kamar yadda mai kunne kan gane garin mutum daga karin harshensa. Wani bincike na 2015 ya nuna cewa yawancin manyan lodin haure da aka kama sun fito ne daga wurare biyu: yankin Tanzaniya da arewacin Mozambik, da kurmin da ya haɗa Gabon da Kwango da Kamaru. Wani kuma na 2023 ya nuna cewa ɓawon ɗankunya mai yawa da ke bi ta Najeriya daga kurmin Afirka ta Tsakiya yake fitowa, musamman kudancin Kamaru. Da irin wannan sani hukumomi kan gane inda ya kamata su tura masu gadi.

Hanyoyin Kariya

Hanya ta farko ita ce hana garke raguwa tun da wuri, ta tsare gandun daji da hukunta masu farauta ba bisa doka ba. Rigakafi ya fi magani.

Ta biyu ita ce barin hanya tsakanin daji da daji. Kun san burtali, wato hanyar da ake ware wa shanu a tsakanin gonaki. Namun daji ma suna bukatar irin nasu burtalin.

Ta uku ita ce kai wa garke sabon jini idan hanya ta toshe. A jihar Fulorida ta Amurka akwai wata dabba dangin damisa da ake kira fuma. A farkon shekarun 1990 ba ta wuce 30 ba, kuma ana haifar da yawa da ciwon zuciya da karkatacciyar wutsiya. A 1995 aka kawo mata 8 daga jihar Tekzas aka sake su. 'Ya'yan da aka samu sun fi lafiya, yawan garken kuma ya haura 100. Amma ku tuna da darasin zaki: kafin a kawo baƙo, sai an tabbatar danginsu ne na kusa.

Ta huɗu ita ce jawo mutanen da ke zaune kusa da daji a jiki. Manomin da giwa ta tattake masa gona a dare ɗaya ba zai so ta ba, sai in ya ga an share masa hawaye, ko kuma yana cin moriyar zamanta.

Ta biyar tana hannunku. Kada ku sayi haure ko ɓawon ɗankunya ko fatar dabbar da doka ta hana kashewa. Idan mai saye ya janye, mafarauci ma zai rataye bindigarsa.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙidayar dabbobi kaɗai ba ta nuna lafiyar garke. Sai an san yawan masu haihuwa a cikinsa, da yalwar bambancin gadonsa, da kuma ko yana haɗuwa da sauran garkuna. Raƙumin dawa na Kure ya tashi daga 49 zuwa sama da 600 saboda hukuma da talakawa sun haɗa hannu. Zakin Yankari da giwar Omo da ɗankunya suna jiran irin wannan haɗin kai.

Ma'anar Kalmomi

Garke: taron dabbobi iri ɗaya da ke kiwo tare.
Barbara: haɗuwar dabba namiji da mace don haihuwa.
Bijimi: babban sa da ake bari a garke don barbara.
Kara: kasuwar dabbobi.
Huhu: ƙunshin goro da aka naɗe da ganye.
Haure: dogon haƙorin giwa.
Kurmi: daji mai duhuwa da manyan itatuwa.
Gandun daji: dajin da hukuma ta keɓe ta hana farauta da sara a cikinsa.
Fasa-ƙwauri: shigo da kaya ko fitar da su ta ɓarauniyar hanya.
Burtali: hanyar dabbobi a tsakanin gonaki.

Auna Fahimta

1. Mene ne bambancin gado? Kawo misali daga karar shanu.
2. Me ya sa ake haifar dabbobi marasa lafiya idan dangi na kusa suka yi barbara?
3. Yi bayanin misalin huhun goro da kalmominka.
4. Raƙuman dawa nawa suka rage a 1996? Don me aka kai wasu Gadabeji?
5. Me ya sa ba a gaggauta kawo zakoki daga Kenya zuwa Yankari ba?
6. Ta yaya masana ke gano dajin da aka kashe giwa daga haurenta?
7. Wani garke yana da maza 10 da mata 40 masu haihuwa. Yi amfani da hanyar lissafin da ka koya ka nemo amsa.

Nazarin Harshe

A. Jinsi da adadi. Dubi wannan misali: zaki, zakanya, zakoki. Yanzu kawo mace da jam'in waɗannan: biri, raƙumi, sa, kare, jaki.

B. Faɗi ma'anar waɗannan maganganu kamar yadda aka yi amfani da su a cikin darasi, sannan ka sa kowace a jimlarka:
1. taron dangi
2. da sauran rina a kaba
3. barin baya
4. share hawaye
5. jawo a jiki

C. Cike gurbi da "domin" ko "saboda" ko "duk da":
1. An kai raƙuman dawa Gadabeji ______ a kafa garke na biyu.
2. Ana kashe giwa ______ haurenta.
3. ______ dokar da aka kafa, wasu suna ci gaba da fasa-ƙwauri.

Jinga

1. Tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku sunayen namun daji biyar da ake gani a garinsu a da, waɗanda ba a ganinsu yanzu. Rubuta sunayen da Hausa da kuma harshenka na gida.
2. Rubuta wasiƙa mai kalmomi 150 zuwa ga abokinka, ka bayyana masa dalilin da ya sa bai kamata ya sayi abin da aka yi da hauren giwa ba.